RetCam a ɗakin bakwaini: abin da take gani da abin da ke kuɓuce mata

RetCam kyamara ce da ake ɗora bakinta a kan idon jariri don ɗaukar hoton retina, wato tantanin gani da ke can bayan ido. Babban aikinta neman cutar ROP, wato cutar retina da ke kama bakwaini. Jijiyoyin jinin retina suna fara tsirowa wajen mako na 16 na ciki, ba sa kai gefen ido ta ɓangaren kunne sai kusan mako na 40. Bakwaini ya fito aiki bai ƙare ba, ga iskar oksijin da ake ba shi a kwalba, sai jijiyoyin su tsaya, daga baya su yi tsiro barkatai har su janye retina daga mazauninta. A Amurka ana duba duk jaririn da nauyinsa bai wuce giram 1,500 ba ko wanda aka haifa a mako na 30 zuwa ƙasa.

Aikin ba wuya, amma yana son nutsuwa. Kamar awa ɗaya kafin a fara ake ɗiga maganin buɗe baƙin ido, galibi cyclopentolate da phenylephrine 2.5%. Sai maganin kashe zafi, a sa ɗan ƙarfen da ke riƙe fatar ido, a zuba man jel, sannan a ɗora gilashin bakin kyamarar mai ganin faɗin digiri 130. Hotuna shida ake so a kowane ido: gaban ido, tsakiya, sama, ƙasa, ɓangaren hanci da na kunne. Dole wani ya tsaya kan na'urar bugun zuciya, domin taɓa ido kan sa bugun ya sauka ko numfashi ya ɗauke.

Inda RetCam ta ciri tuta shi ne ajiye shaida. Likita mai fitilar goshi zana abin da ya gani yake yi a takarda, ita kuwa RetCam tana ba ka hoton makon jiya ka jera da na yau. Ma'aikacin da aka horar zai iya ɗauka, likitan ido da ke nesa ya karanta, kamar yadda shirin KIDROP ke yi a jihar Karnataka ta Indiya. Iyaye ma idan suka ga hoton da idonsu sun fi yarda su dawo.

Matsalar tana hannu. In mai ɗauka ya ɗan danna, jini ya ja baya, jijiyoyin da suka kumbura suka murɗe sai su fito sirara lafiya lau. Wannan kumburin kuwa shi ne babbar alamar da ke sa a yi aikin leza ko allurar cikin ido cikin awa 72. A sassauta hannu har gilashin ya zauna a kan jel kawai, a sake ɗauka. Kumfar iska a cikin jel tana yin baƙin tabo, baƙin idon da bai buɗe sosai ba yana yin zoben duhu, kuma a jarirai masu duhun fata hoton kan yi dishi-dishi sai an ƙara haske.

Can ƙarshen gefen retina, wanda likitoci ke kira yanki na uku, da ƙyar RetCam take kaiwa, hotonta kuma a baje yake, ba ya nuna tudu. Saboda haka kada a sallami yaro daga bibiya da hotonta kaɗai, musamman wanda aka yi wa allura, tunda cutar kan dawo bayan makonni. Sai likita ya duba gefen da kansa. Haka nan ba ta nuna zurfin ramin tsakiyar retina, wanda a bakwaini da yawa bai kai yadda ya kamata ba. Wannan aikin na'urar OCT ne, mai nuna kauri da zurfin retina. Rashin hangen nesa da hararar garke kuwa daga baya suke bayyana, ko da hotunan sun yi kyau, don haka a rubuta ranar awon ido a katin sallama.