Ajin motsa jiki a zaune na Tudun Wada: darasi ya yi, kujeru ne da saura

A wani ɗakin taro da ke Tudun Wadan Zariya ake wannan aji, na maza daban, na mata daban, kowane zama kamar minti 45. Babu tsalle, babu gumi. Salon ya yi kama da hanyar Feldenkrais, wadda ta fi son mutum ya ji yadda jikinsa ke motsi a kan ya tara ƙarfin tsoka.

Ana zama a bakin kujera ba jingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, tazararsu daidai faɗin ƙugu. Malamin kan sa kowa ya cusa hannu ƙarƙashin mazaunai ya laluba ƙasusuwa biyun da ake zama a kansu. Sai a mirgina ƙugu gaba har ƙasan baya ya ɗan gantsare, a mai da shi baya har ya ranƙwafa, sau 8 zuwa 10, a huta. Hutun nan shi ne zuciyar darasin, domin a nan mutum ke gane cewa ashe nauyinsa ya fi karkata ɓangare guda. Bayan haka a waiwaya dama da kai kaɗai, a lura da inda ido ya tsaya a bango, a sake waiwayawa tare da kafaɗa da ƙugu. Idon kan wuce wurin farko ba tare da an matsa ba.

Kan babban mutum ya kusa kilo 5, ƙasusuwan wuya 7 ke ɗauke da shi. Da ƙugu ya zame baya, kai zai leƙa gaba, tsokar ƙeya ta kama aikin da ba nata ba. Teloli, masu surfani a cikin birni da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo sun san wannan ciwon. Malamin ya yi daidai da ya hana turo ƙirji irin na soja, don tsoka ba ta jure wannan sai ɗan lokaci, ga riƙe numfashi.

Inda ajin ya gaza, kujerun roba. Mazauninsu ya karkata baya kuma yana lotsawa, sai su ja ƙugu zuwa ainihin zaman da ake son gyarawa. Bencin katako ya fi su nesa ba kusa ba. Gajeren da ƙafarsa ba ta kai ƙasa sosai ya sa bulo ko naɗaɗɗiyar darduma ƙarƙashinta. A kuma zo da kaya marasa nauyi, babbar riga tana ɓoye wa malami abin da ƙugu ke yi.

Mai ciwon bayan da ke sauka ƙafa da mutuwar jiki, ko mai jiri in ya juya wuya, ya fara zuwa sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa da ke Shika kafin ya shiga ajin.