Tayil ɗin Isfahan: na yanka ko na zane?

Ɗan'uwa, tsakanin tayil na yanka da na zane, tunda har Isfahan ta ƙasar Iran za ka, sayi na yanka.

Ina da guda a bangon falona, faɗinsa bai wuce faranti ba. A kasuwar da ta kewaye dandalin Nakshe Jahan na tsaya na ga yadda ake yin irinsa. Kowane launi daban ake gasa shi, a zafin da ya dace da shi, sannan mai sana'a ya zauna da 'yar guduma mai kaifi yana sassaƙa gutsattsari, ya jera su a kife, ya kwarara filasta a bayansu. Sai ta bushe ake juyawa a ga furen. Shi ya sa shuɗinsa ke da zurfi haka. Hajiyarmu in ta zo, sai ta tsaya tana bin layin haɗin da yatsa tana tubarkalla.

Kafin ka taya komai, shiga Masallacin Sheikh Lutfullah da ke gabashin dandalin, wanda aka gina daga 1603 zuwa 1619, ba hasumiya, ba tsakar gida, ka ɗaga kai ka kalli cikin ƙubbar. Daga nan ka gangara kudu zuwa Masallacin Shah, da ake kira na Imam yanzu, wanda aka fara a 1611. Babbar ƙofarsa aikin yanka ce, amma yawancin bangon ciki na zane ne, wato tayil guda da ake zana wa launuka a gasa su tare, wanda suke kira haft rang, saboda Shah Abbas, sarkin Iran na lokacin, yana gaggawar ganin an gama. Ya rasu a 1629 bai ga kammaluwarsa ba. Idonka da kansa zai raba maka gardama.

Na zanen, to, ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka. Waɗanda nake da su suna nan ajiye cikin kwali.

Ka kula da masu cewa tayil ɗinsu daga jikin tsohon masallaci aka ciro shi. Galibi sabo ne aka shafa masa ƙasa, in kuma da gaske ne, doka ta hana fitar da kayan tarihi daga Iran, a filin jirgi za ka sha tambayoyi. Wasu kuma bugun inji suke sayarwa da sunan aikin hannu. Juya bayansa ka duba, ka shafa fuskarsa: in sumul take, ba layin haɗi ko ɗaya, ajiye musu kayansu. In kun daidaita, sa a naɗe maka shi a gabanka, ka riƙe shi a jakar hannu.