Wata biyar ina gwada zoɓo da lemon citta da ma'aunin gilashi a Agege

Shekara shida ke nan ina haɗa zoɓo da lemon citta a gida, yara suna kai wa masu shaguna da masu shayi a nan Agege. A watan Maris, lokacin da zafin Legas ya kai maƙura, wuta kuma sai ta kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba, Alhaji mai shagon bakin masallaci ya dawo mini da gora goma sha biyu. Ya buɗe ɗaya a gabana, ta yi huci da ƙara, kumfa ya taso har wuya. Ya ce, "Maman Ummi, wannan ya wuce tsami, warinsa ma ya sauya. Ki bincika, kada mu shayar da mutane abin da ba mu sani ba." Daren nan ban runtsa ba. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar tunanin cewa wani ya sha ruwa da irin wannan gorar ba.

Ƙanin maigidana, wanda ya karanci kimiyyar abinci, shi ya sayo mini wani ma'aunin gilashi a kasuwar masu kayan sinadarai ta Ojota. Haidiromita ake ce masa. Siririn gilashi ne mai tsawon kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗoriya, gindinsa da nauyi, a cikin wuyansa akwai takarda mai lambobi. Bai ɓoye mini komai ba, ya ce, "Anti, masu dafa giya suka fi aiki da shi. Su burinsu su ga sukari ya ƙare, ke kuwa burinki ki ga bai taɓu ba."

Aikinsa ba wuya. A tsurar ruwa yana nutsewa ya tsaya a kan 1.000. Idan akwai sukari, ruwan ya ƙara nauyi, sai ya taso. Abin sha mai sukari kashi 10 cikin ɗari yana nuna kusan 1.040. Da yis ya fara cin sukarin yana mayar da shi barasa da iska, lambar sai ta dinga sauka. Masu giya suna aunawa kafin su zuba yis, su sake aunawa a ƙarshe, su ninka bambancin da 131. Wanda ya fara daga 1.050 ya ƙare a 1.010 ya samu barasa kashi 5 da ɗan wani abu. Da wannan lissafin nake aiki, sai dai ni ko ɗigo biyu lambar ta sauka, kamar daga 1.050 zuwa 1.048, hankalina ya tashi.

Gwajin farko shi ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Lemon cittana ya nuna 1.048 ranar da na ɗura shi. Na ajiye gora ɗaya a kan tebur ba ƙanƙara. Bayan kwana biyu ya koma 1.043, wato barasa ta haura rabin kashi ɗaya cikin ɗari, alhali a baki zaƙinsa yana nan, ɗan kaifi kawai ya ƙaru. Nan na gane harshe ba ya kama abin da wuri. Na tuna hadisin Ibn Abbas, cewa jiƙon da ake yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce yammacin rana ta uku. A Legas ba wuta, ba ma a kai ukun.

To daga ina yis ɗin yake shigowa, tunda ban taɓa zuba shi ba? Na bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya ina aunawa. Da can nakan markaɗa ɗanyar citta da ɓawonta in zuba bayan ruwa ya huce, haka ɓawon abarba a zoɓo, wai don ƙamshi ya fito. Ashe yis na zaune a jikin ɓawon su biyun. Sai kuma tsohon bokitina na roba, wanda cikinsa duk ƙarce ne saboda sosan ƙarfe. Ko an wanke shi da sabulu, ƙwayoyin suna maƙale a cikin tsagar. Ga ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace, su ke ɗauko ƙwayoyin da ke mayar da barasa ruwan khal. Yanzu citta da ɓawon abarba tare nake tafasa su da zoɓon, sukarin ma da zafi nake narka shi, kyallen tata sai ya sha tafasa, na kuma koma tukunyar silba mai murfi. Gorar gwaji ta kwana biyu a kan tebur tana nan a 1.048.

Akwai abin da ya ruɗe ni a makon farko. Na saka ma'aunin a ruwan famfo ya nuna 0.998, na ɗauka ya zo da aibu. Ashe an saita shi a kan zafin digiri 20 ne, ruwanmu kuwa yana kusa da 30, don haka sai an ƙara ɗigo biyu zuwa uku. Wanda aka ciro daga firji kuma sama yake nunawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar abin ya zo daidai da zafin ɗaki kafin a auna, na farko da na biyu. A kuma ɗan murza shi da yatsu idan an tsoma, domin ƙwayoyin iska suna manne masa su ɗaga shi.

Aibinsa ba kaɗan ba ne. Lambobin ƙanana ne ƙwarai, jan zoɓo kuma yana ɓoye layin, sai na fita tsakar gida na daidaita ido da bakin ruwan. Bai zo da doguwar kwalbar da ake tsoma shi ba, daban muka saya. Kowane awo yana cin kusan rabin gora, kuma wanda aka auna ba ya komawa tukunya, domin mayar da shi kamar buɗe wa ƙwayoyi ƙofa ne da hannunka. Ga rauni kamar ƙwai: na farko ya mirgino daga kan tebur a wata na biyu, shi ke nan. A kunun aya da kunun zaƙi kuwa ban ga amfaninsa ba, kauri da mai suna sa lambar ta yi ta yawo.

Abin da na fi so 'yan'uwana masu wannan sana'a su riƙe shi ne, nauyin ruwa kaɗai yake gani. Ƙwayoyin da ke sa tsami irin na nono suna iya lalata abin sha lambar ba ta motsa sosai ba. Masu sa gudawa da amai kuwa ko alamarsu ba ya nunawa. Duk mun tuna watan Yunin 2024, da kwalara ta ɓarke a Legas har hukumomin lafiya suka ambaci wani kunun aya marar rajista, kasuwar kowa ta faɗi. Irin wannan sai tafasasshen ruwa, wankin hannu, da sabbin goruna. Tun lokacin na daina karɓar tsofaffin robobi daga masu tsinta, duk da cewa sababbin suna cin riba.

Ga mai haɗa gora goma ta sayar kafin la'asar, ba dole ba ne. Amma wadda kayanta ke kwana a firjin shago, inda ba ta san sa'a nawa aka yi ba wuta ba, ina ba ta shawara ta saya, kuma ta sayi biyu. Ni yanzu kowane haɗi ina rubuta lambarsa da ranarsa a littafi, in ajiye gora ɗaya a gida. Idan ta gida ta sauka da ɗigo biyu, sai in tura yara su kwaso sauran daga shaguna. Sau ɗaya hakan ya faru tun watan Mayu, ranar da aka yi mini aikin markaɗe a injin da aka gama niƙa gasara.