Tambayoyin Zaɓi ko na Dole: Wanne Ya Fi Adalci?

A takardar lissafi ta biyu ta WAEC, wato wadda ake rubuta amsa dalla-dalla, tsarin biyu suna haɗuwa. Kashi na farko tambayoyi 5 ne, duka dole. Kashi na biyu an jera 8, ɗalibi ya ɗauki 5.

Na dole ba shi da wata rigima: ma'auni ɗaya aka ɗora kowa, maki 60 na yaron Gusau daidai yake da maki 60 na yaron Legas.

Zaɓi kuwa akwai magana. Tambayoyin ba sa zuwa da nauyi ɗaya, ko da an ba su maki ɗaya. Yarinya za ta ga tambaya gajera, ta ɗauka sauƙi ce, sai ta yi nisa ta gane ta shiga rami, ga lokaci ya tafi. Ta kusa da ita, wadda ba ta fi ta sani ba, ta dace da mai sauƙi. A nan iya zaɓe aka auna, ba lissafi ba. Wasu malamai ma, Allah ya gyara, sukan tsallake babi guda su ce ai ba dole ba ne.

Amma fa a Zamfara ba zan yi saurin yar da zaɓi ba. A Satumban 2021 an rufe makarantun jihar saboda 'yan bindiga, karatu ya tsaya cak. Ɗalibin Maradun da bai gama manhaja ba, zaɓin nan ne ke ba shi damar nuna ɗan abin da aka koya masa. In duka dole ne, laifin wasu za a ɗora masa.