Hannun feda ya fara girgiza a tsohon keken hawan dutse: me ya kamata a saya?

Idan hannun feda, wato ƙarfen da ya haɗa feda da sandar tsakiyar keke, ya fara girgiza ko yana ƙara duk lokacin da aka taka, kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa sayen kaya kafin a gano inda motsin yake. A riƙe hannayen biyu a jijjiga su gefe da gefe. In sun motsa tare, matsalar tana cikin boris ɗin tsakiya. In kuwa ɗaya ne ke rawa, ɗayan yana nan daram, to ramin hannun ne ya saki sandar.

Yawancin kekunan hawan dutse na shekarun 1990 suna da sanda mai baki kusurwa huɗu wanda yake tsukewa kaɗan zuwa ƙarshe, kuma noti ne ke tura hannun ya hau bakin har ya cije. Sandar ƙarfe ce mai tauri, hannun kuwa galibi alminiyam ne, saboda haka da zarar notin ya saki aka ci gaba da tafiya, sandar za ta riƙa cin ramin har kusurwoyinsa su lotse. Na hagu ya fi yawan yin haka, domin duk ƙarfin ƙafar hagu ta wannan ramin yake bi kafin ya isa ga sarƙa, alhali na dama yana manne da farantin haƙora kai tsaye.

Wanda ya farga da wuri ba ya bukatar sayen komai sai alanki mai lamba 8 ko sifanar soket mai lamba 14, gwargwadon irin notinsa. Amma in aka ɗaure da kyau, girgizar ta dawo bayan kwana biyu, ramin ya riga ya mutu, kuma babu ɗaurin da zai dawo da shi. Gam ɗin riƙe noti yana hana notin warwarewa, ba ya cike ramin da ya buɗe. Cusa yankin gwangwani a ramin dabarar isa gida ce kawai. Walda kuwa ba ta cancanci dogon zance ba, tunda zafinta yana ƙone giris da robar boris, kuma ranar da aka so cire sandar sai dai a yanka.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne sabon hannun hagu shi kaɗai, in na dama lafiyarsa ƙalau, sannan in boris ya fara gurnani a haɗa da rufaffen gidan boris irin na kamfanin Shimano, kamar samfurin BB-UN300. Tsohon tsarin, mai ƙwallaye a sake da kofuna biyu, yana gyaruwa, amma yana son saiti da wanki a kai a kai, kuma laka da ruwa ba sa barinsa ya huta. Rufaffen kuwa sanda da boris a haɗe suke zuwa, ba a saita komai, ana murɗa shi a ɗaure a manta da shi tsawon shekaru. Ana samunsa a tsayi daban-daban, kamar milimita 113, 118 da 122.5, kuma tilas a sayi daidai da wanda aka cire, in ba haka ba sarƙa za ta karkace, giya ta ƙi shiga. A kuma auna faɗin bututun da yake zama a ciki, domin ko dai milimita 68 ne ko 73. Wajen kwancewa a tuna cewa kofin dama zarensa na hagu ne, wato ana kwance shi ta inda aka saba ɗaurewa. Kekuna da yawa sun lalace a hannun wanda bai san wannan ba. Sauya komai zuwa Hollowtech II, wato tsarin Shimano na baya-bayan nan wanda sandarsa ke haɗe da hannun dama, yana yiwuwa, sai dai kashe kuɗi ne da tsohon keke bai nema ba.

Wajen zaɓen hannun ne na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake tsananta bincike. Tsayinsa, milimita 170 ko 175, a rubuce yake a bayansa kusa da ramin feda, wannan mai sauƙi ne. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne ramin da sanda ke shiga, mai kusurwa huɗu, zamansa iri biyu ne: wani gefensa ne ke fuskantar feda, wani kusurwarsa. Na taɓa sayen wanda bai dace ba, da na ɗaura sai fedojin suka ƙi zama a layi ɗaya, mai sayarwar kuma ya ƙi karɓa saboda alamar sanda ta riga ta fito a ramin. Akwai kuma bambancin JIS da ISO, wato ma'auni biyu na girman bakin sanda, waɗanda a ido kamar ɗaya suke. Shimano da mafi yawan kayan Asiya JIS ne, kuma hannun JIS a kan sandar ISO yakan zurma da kimanin milimita 4 fiye da ƙima, har noti ya tsaya a bakin sanda bai matse komai ba. Tafiya da tsohon hannun wurin saye ta fi duk wani kwatance.

Jabu kuwa ya cika kasuwa, kuma sunan kamfani a jikin kwali ba shaida ba ne. Gidan boris na gaske in aka juya sandarsa da yatsu ana jin santsi da ɗan nauyin giris, ba tare da motsin gefe ba. Na jabu ko dai ya yi wayam kamar babu komai a ciki, ko ya riƙa kartar yashi tun yana sabo. A duba rubutun jikinsa, domin na jabu yakan zo a dusashe ko a karkace, zarensa kuma da kaifi da burbushi. Mafi muni a wurina shi ne tsohon hannu da aka goge aka fesa wa fenti aka jera cikin sababbi. A haska fitila cikin ramin: kusurwoyi huɗu su kasance a tsaye, bangon a miƙe, babu ƙyalli irin na wurin da ƙarfe ya goga, babu tsaga ko da siririya ce. A kuma gwada murɗa feda da hannu tun a wurin, ana sane da cewa fedar hagu ma zarenta na hagu ne, domin ramin da aka taɓa tilasta wa fedar dama ba ya sake riƙo. Duk mai sayarwar da ya hana wannan dubawa, a bar masa kayansa.

Wajen ɗaurawa a goge bakin sandar tas, a shafa giris a zaren noti, a ɗaure da ƙarfin da ya kai Nm 35 zuwa 50 a ma'aunin ƙarfin murɗa noti, wanda ya fi abin da gajeren alanki ke iya bayarwa. Bayan tafiyar farko a sake dubawa sau ɗaya, amma kada a mayar da ƙarin ɗauri al'adar kowane mako, domin hakan yana ƙara tura hannun kan sandar har ramin ya tsage.