LiveScope Plus ko ActiveTarget 2: wanne zai nuna maka kifin robarka?

Ɗan'uwa, tunda ka ce allon Garmin ne a jirginka, kuma tsohon idon nan LVS32 (na'urar da ke cikin ruwa tana harba sauti don nuna kifi a allo kai tsaye) kake amfani da shi, kada ka sauya gida. Komawa kamfanin Lowrance, mai ActiveTarget 2, don kawai ba ka ganin kifin robarka a allo asarar kuɗi ce, domin ActiveTarget 2 ba ya aiki da allon Garmin. Dole sai ka sayi allon Lowrance irin HDS ko Elite FS, ka sayi akwatinsa da idonsa, ka sake jan waya tun daga farko. Shi kuwa LVS34, wato LiveScope Plus da ya fito a 2022, baƙin akwatin nan naka GLS 10, mai haɗa ido da allo, yana ɗaukarsa. Ido kaɗai za ka canja, sai ka sabunta manhaja.

Ni LVS34 ɗin nake da shi, kuma ina jin daɗinsa ƙwarai. A Tafkin Fork da ke Teksas, inda matattun itatuwa suke tsaye a cikin ruwa, na taɓa sakin ɗan ƙaramin jig, wato ƙugiya mai kan ƙarfe da ake saka wa kifin roba, kusa da wani kututture. Ina kallonsa a allo yana nutsewa a hankali, sai ga kifin kirafi (crappie) ya fito daga cikin rassa, ya biyo shi, ya tsaya yana shakka. Na ɗan ɗaga sandar fatsa kaɗan, ya ƙara matsowa, na ga ɗigo biyu sun haɗe sun zama ɗaya kafin ma in ji cizon a hannuna. Yarona yana tsaye a gefena, ihun da ya yi sai da masuntan wani jirgi suka waigo. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda idon yake raba kifi da reshe, ko da suna manne da juna.

ActiveTarget 2, to, shi ma yana aiki, masu shi suna kama kifi. Wanda ya riga ya mallaki allon Lowrance sai ya ci gaba da abinsa.

Amma kafin ka fitar da ko dala ɗaya, gyara saitinka, don ina kyautata zaton can matsalar take. Sautin da idon yake harbawa kamar hasken tocila ne a cikin duhu: abin da ka haska kaɗai kake gani. Daga sama zuwa ƙasa yana buɗewa har digiri 135, amma faɗinsa ta gefe digiri 20 ne kacal. Idan ka lissafa, a nisan ƙafa 20 faɗin bai wuce ƙafa 7 ba, a nisan ƙafa 50 kuma wajen ƙafa 17 ne, kuma tsakiyarsa ce ta fi ƙarfi. Ka jefa kifin roba ya ɗan kauce hagu ko dama, shi ke nan ya ɓace, ko da kamfanin wa ka saya. Saboda haka fara da saita ido, sannan ka yi jifa a kan layinsa. In kuma idon yana ɗaure a jikin ƙaramin injin gaba, duk lokacin da injin ya juya don riƙe jirgi a wuri ɗaya, ido ma ya juya. Shi ya sa da yawa suke ɗaura shi a kan sanda dabam da ake juyawa da hannu.

Sai nisa. Kada ka bar shi yana zaɓar wa kansa. In ka buɗe gaba har ƙafa 120, jig ɗinka zai koma ɗan ƙurar da ido ba ya kamawa. Ni ina tsayar da shi tsakanin ƙafa 50 da 70, zurfi kuma in sa shi ya ɗan wuce ƙasan ruwa da 'yan ƙafafu, don kada rabin allo ya tafi a banza.

Gen kuwa, wato saitin ƙarfin jin idon, ƙara shi har allo ya fara yin tsaki-tsaki, sannan ka rage kaɗan. Nawa yakan zauna tsakanin 60 da 70, amma ruwa mai laka ko mai gansakuka yana son a sassauta. Mutane suna son allo fes ba datti, sai su ɗaga matatun share datti, wato noyis rijet da gos rijet, har ƙarshe. To matatun nan ba su san bambancin datti da ƙaramin jig ba, tare suke sharewa. Bar gos rijet a ƙasa ko ka kashe shi, noyis rijet a tsakiya, TVG, mai rage dattin da ke kusa da saman ruwa, a kashe ko a ƙasa. In ɗigon yana fitowa amma dishi-dishi, ɗaga kala gen, wato ƙarfin launi. Taɓa abu ɗaya a lokaci guda, kana rataye da kifin robar a gaban jirgi inda kake ganinsa.

Kan jig na ƙarfen tungsten ya fi na dalma fitowa a allo saboda ya fi shi tauri da nauyi. Ka kuma ba akwatin batirinsa shi kaɗai da waya mai kauri, don haɗa shi a batir ɗaya da injin gaba yana kawo layuka a allo.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi masu sayar da na hannu a intanet. Akwai masu saka hoton LVS34 su aiko da LVS32, akwai masu ɓoye wayar da injin ya murɗe ta tsage, alhali wayar a haɗe take da idon. Wasu shagunan ma na bogi ne, su sa rabin farashi, ka biya su ɓace. Nemi rasit da lambar jikin kayan, kuma kada ka biya sai an jona shi a ruwa ka ga hoto da idonka.

Gwada saitin nan a fita ta gaba da tsohon idonka. In har yanzu kana son ƙarin tsabtar hoto, sayi LVS34 sabo daga dillalin da Garmin ta amince da shi.