Zane a takarda ko lemo da tocila: wanne ya fi nuna wa yaro sirrin wata?

Idan ɗan shekara shida ya tambaye ka me ya sa wata ke girma ya kuma ƙanƙance, hanya biyu ce a gabanka.

Ta farko zane. Ka ja babbar da'ira ka ce rana, ƙarama duniya, 'yar mitsitsiya wata. Ba ta cin ko sisi, kuma a nan yake kama sunaye: jinjirin wata, falaki, husufi. Sai dai takarda shimfiɗe take. Yaro zai haddace, amma ya tashi da zaton inuwar duniya ce ke gutsurar wata kullum, alhali ba haka ba ne.

Ta biyu tana son dare da ɗaki mai duhu. Tocila ce rana, kan yaron duniya, lemon da ya miƙa da hannu shi ne wata. Ya fuskanci tocilar, gefen lemon da yake gani baƙi ƙirin. Ya juya a hankali, sai siririn haske ya ɓullo kamar lauje. Ya ba ta baya ya ɗaga lemon sama da kansa, ga wata ɗan daren 14. Ya sauke shi inuwar kansa ta rufe shi, to wannan ne husufi. Da idonsa ya ga wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro, kuma juyi ɗayan nan kwana 29 da rabi ne a sama.

Ni lemon nake zaɓa, zanen ya biyo baya da safe. A dai tanadi biyu, don na farkon ba ya kai ƙarshen darasi ba a ɓare shi ba.